Yadda Za Ka Kalli Mawaƙin Kantiri Rok Ido Da Ido Idan Ka Ziyarci Landan

Duk wanda ya tashi da rediyo a Najeriya a shekarun 1980 ya san muryar Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton, ko da bai taɓa tambayar sunan irin kiɗan ba. Ana jin su a shagon tela, a motar haya mai dogon zango, a gidan malamin makaranta da yammacin Lahadi. Kiɗan kantiri ke nan na kudancin Amurka. Don Williams ya rasu a 2017, Kenny Rogers ya bi shi a 2020, amma kiɗan bai kwanta ba. Reshensa da aka gauraya da rok, mai ganguna masu nauyi da jita ta lantarki, shi ne ma ke cika manyan zauruka yanzu, a hannun mutane irin su Chris Stapleton da Luke Combs da Eric Church da Zach Bryan da Lainey Wilson. Har ɗan asalin Najeriya akwai a cikin harkar: Shaboozey, wanda aka haifa a jihar Virginia, iyayensa 'yan ƙabilar Ibo, waƙarsa ta yi mako 19 a saman jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard a 2024.

Waɗannan mawaƙa ba sa kawo rangadinsu Abuja ko Yamai. Amma suna zuwa Landan kusan kowace shekara, kuma Landan gari ne da mutanenmu ba sa rabuwa da shi: mai zuwa bikin yaye ɗansa, mai zuwa ganin likita, mai kwas na mako biyu, mai sarin kaya. Idan tafiyarka ta zo daidai da wasan ɗayansu, dare ɗaya ne da ya cancanci ka ware. Sai dai ka sani tun yanzu, wanda aka hana shiga a bakin ƙofa galibi ba rashin kuɗi ne ya hana shi ba. Waya ce ta ci amanarsa, ko agogo.

Fara da kwanan wata, kafin komai

Tsarin da ya fi aminci shi ne ka tsayar da ranakun tafiyarka tukuna, sannan ka duba wanda ke wasa a cikinsu. Kada ka juya abin, wato ka sayi tikitin wasa na fam ɗari da wani abu alhali biza ba ta fito ba. Bizar ziyara ta Birtaniya ana iya nemanta wata uku kafin tafiya, kuma yawanci amsa kan fito cikin mako uku, amma a lokacin cunkoso takan wuce haka. Masu shirya wasa ba sa mayar da kuɗi don an hana mutum biza. Suna mayarwa ne kawai idan su suka soke wasan, kuma ko a nan kuɗin tikitin kaɗai za ka gani, ban da na jirgi da na masauki.

Don sanin wanda zai zo, shiga shafin intanet na mawaƙin kansa ka duba jerin garuruwan rangadinsa. Manhajojin Songkick da Bandsintown ma suna taimakawa: ka sa sunan Landan da ranakun da za ka kasance, su jero maka abin da ke akwai. Akwai lokutan da kasuwar ta fi ci. A watan Maris ake yin bikin Country to Country, wanda ake taƙaita shi da C2C, na kwana uku a zauren O2, tun daga 2013. Da bazararsu, wato Yuni da Yuli, ana manyan wasanni a fili a Hyde Park, inda Zach Bryan ya yi dare biyu a 2025. Sai kuma watan Oktoba, lokacin da mawaƙan Amurka suka fi zagaya Turai. A irin wannan watan Luke Combs ya cika O2 a 2023, Chris Stapleton kuma a 2024.

Ka haɗa da kalandar Musulunci wajen dubawa. A 2025 bikin C2C ya faɗo ne tsakiyar azumi, kuma ba na jin akwai mai son barin asham ya tafi kallon jita.

Wane zaure, kuma wane O2?

Nan ne baƙo ke yawan ruɗewa. Kamfanin wayar O2 ya sa sunansa a kan zauruka da yawa a Landan, kuma ba kusa suke da juna ba. Babban, wanda ake kira The O2, yana North Greenwich a gabashin gari, ƙarƙashin wata farar rumfa mai kama da tanti da aka gina don bikin shiga shekara ta 2000, aka mayar da ita zauren wasa a 2007. Yana ɗaukar mutum kusan 20,000. Amma akwai O2 Shepherd's Bush Empire can yamma, mai ɗaukar kimanin 2,000, da O2 Forum Kentish Town a arewa, da O2 Academy Brixton a kudu. Ka ce wa direban tasi "O2" kawai, zai kai ka North Greenwich, alhali mawaƙinka yana can Shepherd's Bush yana gaisawa da jama'a. Tsakaninsu tafiyar kusan awa guda ce. Ka karanta cikakken sunan da ke kan tikitin, ka sa shi a taswirar wayarka tun kana masauki.

Idan kana da zaɓi, ni dai shawarata ka nemi ƙaramin zaure. Dalilin kuwa shi ne, da yawa daga mawaƙan da ke cika filin ƙwallo a Amurka, idan suka fara zuwa Ingila ba a gama saninsu ba, sai a sa su a zauren mutum dubu biyu ko uku. Tikitin ya fi araha, kana ganin yatsun mai jita suna yawo a kan tsirkiya, kuma sautin ya fi fita tas. A babban O2, wanda ya zauna can sama a baya allon talabijin yake kallo, mawaƙin kuwa ɗan tsito yake hango shi. Eventim Apollo da ke Hammersmith na tsaka-tsaki ne, mutum kusan 5,000 idan an cire kujerun ƙasa. Royal Albert Hall, tsohon zauren da aka buɗe a 1871, yana ɗaukar sama da 5,000 kaɗan, kuma shi kansa ginin abin kallo ne. A can shirin kiɗan kantiri mai suna Grand Ole Opry na birnin Nashville a Amurka, wanda ya faro a rediyo a 1925, ya yi wasansa a watan Satumbar 2025 don cikarsa shekara ɗari.

Sayen tikiti

Wannan ne matakin da ya fi kowanne buƙatar natsuwa.

Ka bi mahaɗin da ke shafin mawaƙin ko na zauren, shi zai kai ka wurin dillalin gaskiya. Na babban O2 shi ne AXS. Sauran zauruka galibi Ticketmaster ne ko See Tickets ko DICE. Kada ka rubuta sunan mawaƙi a Google ka danna abin da ya fara fitowa, domin sau da yawa na saman tallan 'yan kayi-nayi ne masu sayar da tikitin hannu na biyu a ninkin kuɗi. Dillalan da ke cikin ƙungiyar STAR ta masu sayar da tikiti a Birtaniya sukan sa tambarinta a ƙasan shafinsu. Ganin tambarin alama ce mai kyau.

Buɗe asusunka a shafin dillalin tun kwana biyu ko uku kafin ranar sayarwa. Za su turo lambar tantancewa ta waya ko ta imel, kuma saƙon waya zuwa layin Najeriya ko Nijar yakan yi jinkiri. Gara ka gano wannan matsalar ranar Laraba da ka gano ta ranar Juma'a kana cikin layi. Sunan da za ka sa ya zama daidai da na fasfo ɗinka, harafi da harafi, domin wasu wasannin ana haɗa sunan tikiti da katin shaida a ƙofa.

Sai maganar katin banki. Katin naira yana da iyakar abin da zai iya kashewa a waje, wani ma ba ya aiki sam. Ka tambayi bankinka, ko ka yi amfani da katin asusun dala, ko ka roƙi ɗan'uwan da ke zaune a can ya biya ka ba shi. Idan shi zai saya a asusunsa, ku tabbatar wasan ya yarda a tura tikiti daga waya zuwa waya. Idan bai yarda ba, to dole ku shiga tare, ko kuma ya shiga asusunka ya biya da katinsa daga can.

Yawanci ana buɗe sayarwa ga kowa da kowa ranar Juma'a da ƙarfe 10 na safe agogon Landan. A nan ka yi hattara. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Landan da na Kano da na Yamai ɗaya ne. A sauran watannin kuwa Landan tana bayanmu da awa guda, ƙarfe 10 ɗinsu ƙarfe 11 ɗinmu ne. Ka shiga shafin minti goma sha biyar kafin lokaci, da na'ura ɗaya, ka bar shi. Za a ba ka lamba a layi. Kada ka sabunta shafin don ka ga lambar ba ta motsi, yin haka na iya mayar da kai baya. Idan layi ya zo kanka, mintoci kaɗan gare ka, don haka ka riga ka yanke shawarar iyakar kuɗin da za ka kashe da ɓangaren da kake so. Kafin ranar Juma'ar akan yi sayarwar share fage ga waɗanda suka yi rajista a shafin mawaƙin, da kuma masu layin wayar O2, waɗanda kan samu damar awa 48 kafin kowa. Rajistar shafin mawaƙi kyauta ce, ka yi ta.

Abu biyu game da farashi. Kuɗin da ka fara gani ba shi ne na ƙarshe ba, za a ɗora ladan dillali da na zaure. Sannan idan ka ga tikitin da aka yi wa laƙabi da Platinum, kada sunan ya ruɗe ka: kujera ce kamar ta kowa, kuɗinta ne kawai aka ɗaga saboda rububi. Babu abinci a ciki, babu gaisawa da mawaƙi.

To idan ka iso Landan ka tarar tikiti ya ƙare fa? Bai zama ƙarshen magana ba. Akwai Twickets, inda waɗanda wani uzuri ya hana zuwa ke sayar da nasu a kan kuɗin da suka saya ko ƙasa da haka, kuma AXS da Ticketmaster suna da sashen sake sayarwa a cikin manhajarsu. A kwana biyun ƙarshe ne tikiti ya fi fitowa, musamman na mutum ɗaya. Zauren kansa yakan saki wasu kujeru bayan an kafa dandamali an ga inda bai tare ba. Abin da ba za ka yi ba shi ne tura kuɗi ga wani da ka gani a Facebook ko X yana cewa ƙanwarsa ba ta da lafiya, yana neman wanda zai karɓi tikitinta. Haka nan masu tare mutane a bakin tasha suna raɗa "tikiti, tikiti". Wanda ya sayi tikitin bogi ba shi da wurin kai ƙara a daren.

Tsaye ko zaune

Tikitin tsayuwa na filin da ke gaban dandamali ne. Nan ne zafin wasan yake, nan ne kuma za ka yi awa huɗu a kan ƙafafunka cikin matsatsi, kusa da mutanen da kofin giya ke hannunsu suna tsalle. Ba da gangan ba, amma ana fallatsa wa mutum. Wanda wannan zai dame shi, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda ya zo da iyali, ya sayi kujera. Yawancin zauruka ma ba sa barin yara ƙanana a filin tsayuwa, kuma kowane wasa yana da ƙa'idar shekarunsa a rubuce a shafin sayarwa.

A babban O2, kujerun hawa na ɗaya, masu lamba ɗari da wani abu, su ne masu daɗi, musamman na gefe da gefen dandamali. Na hawa na huɗu, masu lamba ɗari huɗu da wani abu, sun fi araha, amma tsayinsu da gangarensu ba wasa ba ne. Mai jin jiri idan ya leƙa ƙasa daga bene kada ya saye su, ko nawa aka rage. Idan aka rubuta cewa kujera tana da tangarɗar gani, a yarda da su: akwai ginshiƙi ko tarin lasifika a gabanta.

Wayarka ita ce tikitinka

Tikitin takarda ya kusa zama tarihi. Za ka sauke manhajar dillalin, ka shiga da asusun da ka saya da shi, tikitin ya bayyana a ciki. Lambar da ake haskawa a ƙofa tana sauyawa kowane ɗan lokaci, saboda haka hoton fuskar waya da wani ya turo maka ta WhatsApp ba zai buɗe maka ƙofa ba. Wani lokaci lambar ba ta fitowa sai saura kwana kaɗan, kada hankalinka ya tashi.

Ka yi waɗannan tun kana masauki, inda intanet ke da ƙarfi: ka buɗe manhajar, ka ga tikitin da idonka, ka bar ta a buɗe. A bakin zaure mutum dubu ashirin ne ke kokawa da sabis ɗaya. Ka cika batir, ka riƙe ƙaramin fawa bank da igiyarsa. Kan soket ɗin Ingila irin namu ne na Najeriya mai ƙafa uku, sai dai wanda ya taso daga Nijar da caja mai ƙafa biyu ya nemi mahaɗi. Ka sayi layin can ko ka tabbatar naka yana aiki a waje, domin idan manhajar ta fitar da kai ta nemi sabuwar lambar tantancewa, layin da ke cikin aljihun jakarka a otal ba zai amfane ka ba. Kuma ka riƙe wayar da kyau a kan titi. Masu fizge a kan keke sun yi yawa a Landan, kuma a wannan daren wanda ya fizge wayarka ya tafi da tikitinka da taswirarka da kuɗin motarka gaba ɗaya.

Ranar wasa: salla, abinci, kaya

Lokacin da aka rubuta a tikiti na buɗe ƙofa ne, galibi 6:30 ko 7:00 na yamma. Mai share fage yakan hau bayan kamar awa guda, ya yi minti talatin zuwa arba'in da biyar. Babban mawaƙin yakan fito wajen 8:30 zuwa 9:00, a tashi kafin 11:00, domin hukumar unguwa ta ƙayyade lokacin da za a kashe sauti, kuma ranar Lahadi akan tashi da wuri fiye da haka. Zauren yakan wallafa ainihin jadawalin a shafukansa ranar wasan. Abin da suka rubuta shi za a yi. Babu jiran babban baƙo, babu jawabin shugaban taro.

Idan ka shiga ka fita, ba a sake barinka ka koma. Don haka ka lissafa sallarka tun da rana. Magariba a Landan tana yawo sosai: a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, a ƙarshen Yuni kuwa sai bayan 9 na dare. A hunturu babu matsala, ka yi Magariba da Isha ka fito. A tsakiyar Maris rana kan faɗi wajen ƙarfe 6, ka yi salla ka kama hanya, za ka riski mai share fage. Da bazara ne abin ke cin karo, kuma matafiyi ya san sauƙin da aka yi masa. Ka tambayi malaminka kafin ka taso idan kana da shakka. Wanda zai je babban O2 yana iya yin salla a Masallacin Gabashin Landan da ke Whitechapel, ya ci abincin halal a shagunan da ke kewaye da shi, sannan ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin District zuwa West Ham, ya sauya zuwa Jubilee, tasha biyu ya sauka a North Greenwich.

Ka ci ka ƙoshi kafin ka shiga. Abincin ciki tsada gare shi, ga layi, kuma ba lalle ka samu wanda ka natsu da shi ba. Ruwan famfo kyauta ne: doka ta wajabta wa duk wurin da ke sayar da giya a Ingila ya ba da shi ga wanda ya nema, don haka ka je kantar ka tambaya ba tare da jin nauyi ba. Babban O2 ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko waya, kuma yawancin zauruka sun bi sahu.

Jaka kada ta wuce girman takardar A4. Mai jakar goyo ko ledojin sayayya daga Oxford Street zai sha jinkiri, wataƙila ma ya biya kuɗin ajiya. Ka zazzage aljihunka kafin ka fito: 'yar wuƙar da ke maƙale da makulli, almakashi, kwalbar turare, duk za a karɓe. Babbar kyamara mai cire ido ba ta shiga. Za a bi ta na'urar bincike, mata kuma mata ne ke duba su.

Sutura kuwa, sa abin da ka ga dama. Za ka ga Turawan Ingila da malfar kaboyi da dogayen takalman fata kamar yanzu suka sauko daga doki a Texas, alhali daga ofis suke. Kaftani da hula ba za su sa kowa ya kalle ka sau biyu ba, haka ma hijabi. Babbar riga ce kawai ban ba da shawara ba, saboda matsatsi. Takalmi ya zama mai taushi. Rigar sanyi kuma dole ce ko da ciki zai yi zafi, don fitowar dare. Idan a Hyde Park ne, ka tafi da rigar ruwa ko da gari ya waye tas.

Sai abu ɗaya da mutane ke rainawa: abin toshe kunne. Ƙarar irin wannan wasa takan kai desibel 100, kuma a wannan matakin mintoci kaɗan sun isa su fara yi wa ji illa. Ana sayar da na soso a kantin magani irin su Boots da kuɗi kaɗan. Ba ya hana jin waƙa, kaifin ƙarar yake ragewa.

Hanyar zuwa

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi komai. North Greenwich tana kan layin Jubilee, kana fitowa daga tasha ga rumfar a gabanka. Shepherd's Bush tana kan Central, Kentish Town a kan Northern, Brixton a ƙarshen Victoria, Hammersmith a kan District da Piccadilly. Royal Albert Hall ba ta da tasha a ƙofarta, daga South Kensington za ka taka kamar minti goma sha biyar. Ana biya da katin sufurin Landan mai suna Oyster ko katin banki mai taɓawa. Ka taɓa da kati ɗaya a shiga da fita, kuma kowane mutum da nasa katin. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014. A matakalar lantarki ka tsaya a dama, hagu ta masu sauri ce. Ka duba manhajar TfL Go ko Citymapper da safe, domin a ƙarshen mako akan rufe wani sashe na layi don gyara, kuma yajin aiki ba baƙon abu ba ne.

A cikin zaure

Kada ka raina mai share fage. Yawancin manyan yau a haka suka fara, kuma lokacin ne za ka samu natsuwar duba kayan kiɗan. Ka nemi wani mutum da ke zaune a gefe, gabansa wani abu kamar ƙaramin tebur mai tsirkiyoyi, yana goga ɗan ƙarfe a kansu da hannun hagu, ƙafafunsa na taka feda, gwiwoyinsa na tura wasu ƙarafa. Daga wurinsa wannan sautin mai kama da kuka yake fitowa, wanda ka sha ji a tsofaffin kaset ba ka san mai yin sa ba. Akwai mai gogen Turawa, wani lokaci da mai banjo. Banjo kuwa asalinta namu ne: bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta a nahiyar Amurka da ƙwarya da fata, kuma masana suna lissafa gurmi cikin danginta.

Al'adar kallon ta bambanta da tamu. Ba a liƙi. Kada ka nufi dandamali da kuɗi a hannu, masu tsaro za su tare ka tun kafin ka kai shinge, kuma ba za su fahimci karamci kake nufi ba. Mawaƙin ba zai kama sunan kowa ya wasa shi ba. Wanda yake son nuna ƙauna ya sayi riga ko faifai a teburin da ke harabar shiga, inda riga kan kai fam 30 zuwa 40. Abin da jama'a ke bayarwa shi ne murya: za ka ji dubban mutane sun karɓe amshi, mawaƙin ya ja da baya daga makirfo ya bar musu. Don haka yana da kyau ka san waƙoƙin. Shafin setlist.fm yana nuna abin da ya rera a garuruwan da ya baro, kuma jerin ba ya sauyawa sosai. Ka saurare su a jirgi kana tahowa.

Idan aka zo waƙa mai sanyi, ya rage daga shi sai jitarsa, zauren kan yi tsit. Ba lokacin hira ba ne, ba kuma lokacin kiran bidiyo zuwa gida ba. Ɗauki minti ɗaya ko biyu na tarihi ka mayar da wayar aljihu, na bayanka ma kuɗi ya biya. A ɓangaren kujeru, idan layinka suka miƙe ka miƙe, idan suka zauna ka zauna. Maƙwabcinka zai iya yi maka tayin abin sha. "Na gode, ba na sha" ta wadatar, ba mai neman ƙarin bayani. Masu son kantiri a Ingila mutane ne masu saurin sabo, kuma da sun ji ka taso da Don Williams a Najeriya hira ta ɓarke. Wasunsu sun san ya je Harare ya yi wasa a 1997.

Wajen ƙarshe mawaƙin zai yi godiya ya fice, fitilun dandamali su mutu. Kada ka tashi. Muddin ba a kunna manyan fitilun zauren ba, zai dawo ya ƙara waƙa biyu ko uku, kuma sau da yawa wadda kowa ke jira tana cikinsu.

Komawa masauki

Ka san jirginka na ƙarshe tun kafin ka fito. Yawancin layuka suna tsayawa jim kaɗan bayan sha biyun dare, ranar Lahadi kuma da wuri. Daren Juma'a da na Asabar layukan Jubilee da Central da Victoria da Northern da Piccadilly suna kwana suna aiki, amma ba kowane reshe ba. Idan masaukinka a wajen gari yake, kamar Luton ko Reading, jirgin da zai fitar da kai daga Landan shi ne abin lissafi, ba na ƙarƙashin ƙasa ba.

A North Greenwich, idan aka tashi, ma'aikata kan tsayar da jama'a rukuni-rukuni a bakin tasha don kada a cushe a ƙasa. Layin yana da ban tsoro a ido amma yana tafiya, jirage na zuwa a kai a kai. Wanda ba ya son turereniya ya zauna a kujerarsa minti goma sha biyar, ya shiga bayi, sannan ya fito. Akwai kuma jirgin ruwa na Uber Boat da ke tashi daga gaɓar da ke bayan rumfar zuwa tsakiyar gari. Ya fi tsada, kuma sai ka duba jadawalinsa na daren tun da rana. Bas mai lamba 188 tana shiga tsakiyar gari dare da rana. Idan tasi za ka hau, baƙar tasi mai fitila a ka ce kaɗai doka ta yarda a tsayar a titi. Kowace mota ban da ita sai an kira ta ta manhaja ko ofishinsu, kuma ka haɗa lambar motar da wadda ke wayarka kafin ka buɗe ƙofa. Kuɗin Uber a bakin zaure yakan yi tashin gwauron zabo a rabin awar farko, don haka idan ka hau jirgi tasha biyu zuwa Canada Water ko huɗu zuwa London Bridge ka kira daga can, za ka biya ƙasa da haka.